Kogin Ruzizi daga Kivu zuwa Tanganyika: tambayoyi da amsoshi kan hanyarsa da inda ya dosa

Duk mai bin labaran gabashin Kwango ya saba jin sunayen Bukavu da Kamanyola da Uvira, ga kuma Bujumbura a tsallake. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shine garuruwan nan a jere suke a gefen kogi ɗaya ko kusa da shi, wato Ruzizi, kuma kogin ne iyakar ƙasashe uku. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai a ina ma kogin yake?

A tsakiyar Afirka, yankin da ake kira na manyan tafkuna. Yana fitowa daga ƙarshen kudu na tafkin Kivu, daidai tsakanin birnin Bukavu na Kwango da garin Kamembe na Ruwanda, wanda tsofaffin taswirori ke rubutawa Cyangugu, ya tafi ya faɗa kan tafkin Tanganyika ta arewa, tsakanin Bujumbura da Uvira. Tsawonsa kimanin kilomita 117 ne, kenan ba wani dogon kogi bane, inda akwai titi mai kyau a gefensa da awa biyu ta isa mutum ya gama da shi a mota. Kwango ce ke hannun yamma, a hannun gabas kuma Ruwanda ce daga sama, Burundi daga ƙasa. Mutanen Ruwanda da Burundi Rusizi suke rubutawa, duk kogi ɗaya ne.

To kudu yake gudu ko arewa?

Kudu. Daga Kivu zuwa Tanganyika, kullum, rani da damina.

Dalilin kuwa tudu da gangare ne kawai ba wani abu ba. Fuskar ruwan Kivu tana kan tsayin kimanin mita 1,460 sama da teku, ta Tanganyika kuma kimanin mita 770. Kaga bambancin ya kusa mita 700 a tafiyar da bata kai kilomita 120 ba, wannan ba ƙaramar gangara bace, kuma in ka riƙe wannan lissafin a ka to kusan duk sauran tambayoyin da ke ƙasa zaka iya amsa su da kanka, daga maganar dam har ta kifi har ta ambaliya.

Amma ai Tanganyika ya fi girma nesa ba kusa ba, ba babba ne ya kamata ya ba ƙarami ruwa ba?

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Girma daban, tsayin wuri daban. Tanganyika dai ƙato ne na gaske, tsawonsa ya haura kilomita 670, zurfinsa ya kai wajen mita 1,470, a duniya kaf tafkin Baikal na Rasha ne kawai ya fi shi zurfi, kuma ƙasashe huɗu ne suka kewaye shi, Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya. Kivu in ka ajiye shi kusa da wannan yaro ne. Sai dai yaron a kan dutse yake zaune, babban kuma a kwari. Ruwa baya tambayar waye babba, inda ya fi ƙasa yake nema.

Ni fa an koya min cewa koguna kudu suke gangarawa dama

Ba haka bane malam, taswirar da ake ratayewa a bangon aji ce ta sa mana wannan tunanin, tunda arewa na sama kudu na ƙasa sai ido ya ɗauka ruwa daga sama zai zubo. Nilu arewa yake tafiya har Bahar Rum. Kogin Neja da ya taso daga tsaunukan Gini arewa maso gabas yake fara nufa har wajen Timbuktu kafin ya karyo kwana. Kogin Haɗeja ma arewa maso gabas ya dosa, yana neman tafkin Chadi.

Misalin da ya fi dacewa ma yana nan maƙwabtaka da Ruzizi. Ka hau arewa kaɗan da Kivu zaka tarar da kogin Semliki, shima tsakanin tafki biyu yake, Edward da Albert, shima wani sashe nasa iyaka ne tsakanin Kwango da Yuganda, amma shi arewa yake gudu. Kwari ɗaya ne dogo suke ciki su biyun, wanda tsagewar ƙasa ta haifar, ɗaya ya juya wa ɗaya baya saboda yankin Kivu shine ƙololuwar kwarin, ta kowane ɓangare ka bi gangara zaka yi. A Amurka ta Arewa ma kogin Niagara da ya haɗa tafkin Erie da Ontario a kan iyakar Amurka da Kanada arewa yake yi. Ruzizi ya yi kudu ne don ta nan ƙofarsa ta buɗe, shikenan.

In mutum zai bi shi daga farko zuwa ƙarshe me zai gani?

Kamar koguna biyu ne aka ɗinke wuri ɗaya. Na farko mahaukaci, na biyu malalaci.

Da ya bar Kivu a Bukavu, ya wuce ƙarƙashin gadar boda, ba ya jimawa sai ya shige wani matsattsen kwazazzabo tsakanin duwatsu, ruwa na dukan dutse yana kumfa, gefe da gefe tsaunuka ne masu tsayi da mutane suka sassare suna noman ayaba da rogo da wake a jikinsu. A kilomita 40 ɗin farko nan ne yake zubar da mafi yawan tsayinsa, wajen mita 500 a ɗan wannan taƙin. Ta ɓangaren Kwango hanyar motar da ta bi ta wurin, wadda ake kira Ngomo, ta yi ƙaurin suna wajen wahala da haɗari, shi yasa a lokacin da boda ke lafiya matafiya da yawa daga Bukavu zuwa Uvira sun gwammace su tsallaka Ruwanda su bi kwalta su sake shigowa Kwango ta Kamanyola, wato ka fita ƙasarka ka dawo cikinta don kawai ka je wani garin ƙasarka.

Yana isowa Bugarama da Kamanyola sai duwatsu su ja baya, fili ya buɗe. Bugarama nan ne wuri mafi ƙasa a duk Ruwanda, kimanin mita 950, akwai zafi, ana noman shinkafa sosai, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da kamfanin siminti na CIMERWA. Kusa da nan ƙaramin kogin Ruhwa ke shigowa daga gabas, kuma mahaɗarsu ita ce inda ƙasashe ukun suka yi karo, daga nan iyakar Ruwanda ta ƙare ta Burundi ta fara.

Sauran tafiyar cikin fadama ce mai faɗi, kogin na lanƙwasa yana jan jiki, ruwan ya koma ja saboda laka da ƙananan koguna ke kwasowa daga tsaunukan hagu da dama, irin su Luberizi da Sange da Kiliba ta Kwango, da Muhira da Kaburantwa da Kagunuzi ta Burundi. Ƙasar noma da kiwo ce, shinkafa, auduga, rake, masara, ga shanu. Dab da tafki sai ya rabu biyu, babban reshe ta gabas ƙarami ta yamma, su shiga Tanganyika ta cikin ciyayi da yashi.

Tun asali haka yake gudu?

A'a, kuma wannan ce amsar da ta fi ban sha'awa a duk lissafin. A ma'aunin masana ƙasa Ruzizi jariri ne. A da can ruwan yankin Kivu arewa yake tafiya, ya bi ta tafkin Edward ya shiga Semliki da Albert, ƙarshenta ya zama ruwan Nilu. Sai duwatsu masu aman wuta na Virunga suka taso a daidai wannan hanyar, suka yi ta amayar da narkakken dutse shekara da shekaru har suka gina katanga suka toshe kwarin. Duk wanda ya taɓa ganin an toshe lambatun unguwa da damina ya san abin da ke biyo baya, ruwa zai taru ya cika ya yi ta hawa har sai ya samu wani wuri mai rauni ya ɓalle ta can, ko da ta bayan gida ne. Haka Kivu ya yi ta cika yana haɗiye kwaruruka, har ya kai bakin wani wuri da tudun ya yi ƙasa a kudu wajen Bukavu ya tsallake. Wannan tsallakewar ita ce Ruzizi. Masana na sanya abin a wajen shekara dubu goma da suka wuce, wasu su ƙara kaɗan wasu su rage.

Shaida kuwa tana nan ga mai son gani. Ka duba taswirar Kivu, bakinsa ba a miƙe yake ba, duk lunguna ne da tsibirai da ƴan sassan ƙasa da suka kutsa cikin ruwa, waɗannan tsofaffin kwaruruka ne da tuddai da ruwa ya nutsar. Birnin Bukavu kansa a kan irin waɗannan tuddan aka gina shi. Kifayen asali na Kivu kuma sun fi dangantaka da na tafkin Edward da ke arewa akan na Tanganyika da yake ba ruwa yanzu. Sannan kwazazzabon da kogin ke bi har yau bai gama sassaƙe shi ba, shi yasa duk tsalle-tsalle ne.

Duwatsun da suka yi wannan aikin fa basu mutu ba. Nyiragongo da ke saman birnin Goma, a ƙarshen arewa na tafkin Kivu, ya yi aman wuta a Janairun 2002 har narkakken dutse ya ratsa tsakiyar gari ya shiga tafkin, ya sake yi a Mayun 2021. Maƙwabcinsa Nyamuragira ma yana cikin waɗanda suka fi yawan tashi a Afirka.

Da gaske ne Turawa sun yi shekaru suna gardama akan ko shiga yake ko fita?

Ƙwarai kuwa. A 1858 Richard Burton da John Speke suka iso Tanganyika ta Ujiji suna neman mafarin Nilu. Suka ji labarin akwai wani babban kogi a ƙarshen arewa na tafkin, Burton ya sa rai cewa fita yake yi, don in fita yake zuwa arewa to shikenan an gano uwar Nilu kuma sunansa ya shiga tarihi. Suka shiga kwalekwale har Uvira amma basu kai bakin kogin ba, masu tuƙa su suka ƙi gaba, mutanen wurin kuma suka faɗa musu gaskiya cewa ruwan shigowa yake yi. Abin mamaki duk da haka zancen bai mutu ba. Speke ya wuce ya ga tafkin Victoria ya ce ga mafarin Nilu nan, Burton ya ƙi yarda, shi da magoya bayansa suka ci gaba da riƙe cewa wataƙila Ruzizi na ɗaukar ruwan Tanganyika zuwa arewa.

Sai a ƙarshen 1871, bayan Henry Stanley ya samu David Livingstone a Ujiji, su biyun suka shiga jirgi suka je har bakin kogin suka gani da idonsu yana zuba cikin tafki. Shekara 13 kenan ana jayayya a Landan akan abin da duk masuncin Uvira ya sani tun yana yaro. Irin wannan ta faru da kogin Neja ma, an daɗe a Turai ana musu ko gabas yake yi ko yamma har Mungo Park ya tsaya a Segu a 1796 ya ga gabas ya nufa.

Shi kuwa Kivu, inda ruwan ke fitowa, sai 1894 Bature na farko ya gan shi, wani Bajamushe von Götzen.

In ya shiga Tanganyika daga nan sai ina?

Mafi yawan ruwan da ke shiga Tanganyika rana ce ke shanye shi, tururi yake zama. Ragowar yana fita ta ƙofa ɗaya tak, kogin Lukuga da ke Kalemie a gaɓar yamma, ya je ya haɗu da Lualaba wanda shine kogin Kwango na sama, daga nan Kisangani, Kinshasa, har Tekun Atlantika. Kenan ruwan saman da ya sauka a Goma, wanda a zamanin da zai ƙare a Masar, yau ta Kinshasa yake bi.

A Ruwanda akwai dogon tudu da ya ratsa dajin Nyungwe wanda shine ke raba ruwan gida biyu, abin da ya zubo ta yamma na Kivu da Ruzizi da Kwango ne, abin da ya zubo ta gabas ya bi Nyabarongo da Akagera zuwa Victoria da Nilu.

Waye ya mai da shi iyaka?

Turawan mulkin mallaka, kuma sai da suka kusa ba hammata iska a kai. Sarki Leopold na Beljiyam da ya mallaki Kwango a matsayin kayansa na kansa ya zana iyakar gabas ne da miƙaƙƙen layi a takarda tun kafin wani Bature ya san akwai tafkin Kivu, kuma layin nan zai ba shi har wani yanki na Ruwanda da Burundi na yau. Jamusawa da ke riƙe da gabashin Afirka suka ce basu san zance ba, kogi da tafki su ne iyaka. Aka girke sojoji ana hararar juna a kwarin Ruzizi tsawon shekaru. A 1910, bayan gwamnatin Beljiyam ta karɓi Kwango daga hannun Leopold a 1908, aka zauna a Brussels da Beljiyam da Jamus da Ingila aka daidaita, Ruzizi ya zama iyaka, tsibirin Idjwi da ke tsakiyar Kivu ya faɗa hannun Kwango.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya Jamus ta rasa yankunanta, Beljiyam ta karɓi Ruwanda da Burundi, sai ya zama gaɓa biyun duk hannu ɗaya ke mulkinsu. Da Kwango ta samu ƴanci a 1960, Ruwanda da Burundi kuma a 1962, layin 1910 ya dawo da ƙarfinsa. Mutanen da ke gefe biyun kuwa dama can suna auratayya da cinikayya, kogin bai taɓa zama katanga a wurinsu ba.

Iyakar a tsakiyar ruwa take ko a gaɓa? Kuma in kogin ya sauya hanya fa?

A cikin ruwan take, ana bin inda ya fi zurfi. Sai dai a can ƙasa inda kogin ya rabu biyu, iyakar ƙaramin reshe na yamma ta bi ba babban ba. Shi yasa in ka taso daga Bujumbura zaka haye gadar babban Ruzizi kana zaton ka shiga Kwango, ashe har yanzu kana Burundi, sai ka wuce garin Gatumba tukunna ka iso boda, ka tsallaka Kavimvira sannan Uvira. Duka tafiyar wajen kilomita 30 ce. Wannan yankin na tsakanin rassa biyu an sha ja-in-ja a kansa tsakanin ƙasashen biyu.

Maganar sauya hanya kuwa ƙa'idar da aka saba bi a dokar ƙasa da ƙasa ita ce, in a hankali kogi ke cin wannan gaɓa yana tara yashi a waccan to iyaka na binsa, in kuma dare ɗaya ya ɓalle ya yi sabuwar hanya to iyaka na nan a tsohuwar, sai fa in yarjejeniyar ƙasashen ta faɗi wani abu daban. A takarda abin da sauƙi, amma je ka faɗa wa manomin da ya wayi gari rabin gonarsa na tsallaken ruwa. A Semliki an sha ganin haka tsakanin Yuganda da Kwango. Mu ma nan kusa mun ga irinta, rigimar Nijar da Benin akan tsibirin Lete a kogin Neja sai da ta kai kotun duniya, a 2005 kotun ta bi layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage ta ba Nijar tsibirin.

Wani ya ce ya ga hoton ruwan yana komawa baya a Gatumba

Abin da ya gani ambaliya ce, ba juyawar kogi ba. A ƙarshen tafiyarsa ƙasar shimfiɗe take, gangarar kaɗan ce, to in Tanganyika ya cika ya hau sai ya tokare bakin kogin, ruwan da ke zuwa daga sama ya rasa inda zai zuba ya bazu cikin unguwanni, na tafkin ma ya kutso ta cikin fadama. Mai tsaye a wurin zai rantse baya ruwan ke yi. Amma ka hau sama kilomita kaɗan zaka ga yana nan yana gangarowa kudu abinsa, ba yadda za a yi ruwa ya hau mita 700 ya koma Kivu.

Mutanen Gatumba sun sha wuya da wannan ba kaɗan ba. Tun 2020 kusan duk shekara sai ruwa ya ci gidaje da makarantu da gonaki, dubban mutane suka koma sansanoni, a 2024 kuma tafkin ya kai wajen mita 777, matakin da rabon a ga irinsa tun 1964. Damina can ba irin tamu bace, ruwa ya fi ƙarfi wajen Maris da Afrilu zuwa Mayu, lokacin da mu muke fama da zafin bazara.

Kogin da ke juyawa da gaske akwai shi, Tonle Sap a Kambodiya, wanda Mekong ke turawa baya duk damina. Ruzizi baya cikinsu.

Ana iya shiga jirgin ruwa daga Bukavu zuwa Bujumbura ta cikinsa?

Ina, ko kusa. Duwatsu da dam sun tare sama. A fadama ne kawai ake amfani da kwalekwale, shima yawanci don tsallakawa ko kamun kifi. Jirage na aiki a kan tafkunan kansu, Goma zuwa Bukavu a Kivu, Bujumbura da Kigoma da Kalemie da Mpulungu a Tanganyika, tsakani kuwa sai mota.

Dam nawa ne a kansa?

Biyu ke aiki. Ruzizi I Beljiyam ce ta gina a 1958 dab da Bukavu, ƙarfinsa kimanin megawat 30. Ruzizi II an buɗe shi a 1989 can ƙasa kaɗan, kimanin megawat 44, kuma na haɗin gwiwa ne, kamfanin SINELAC da ƙasashe ukun suka mallaka tare ke tafiyar da shi ƙarƙashin ƙungiyarsu ta CEPGL da aka kafa a 1976. Akwai na uku da aka daɗe ana shiri, na wajen megawat 200, an rattaba hannu kan yarjejeniyarsa a 2019, amma rikicin yankin da neman kuɗi sun yi ta ja masa birki.

Wurin kam kamar don lantarki aka yi shi, ga gangara ga Kivu a sama yana aikin rumbun ruwa kyauta, don haka ko da rani kogin baya ƙafewa. Abin da ya fi burge ni shine ko a shekarun da ƙasashen nan ke nuna wa juna bindiga, yawanci wutar bata daina tsallaka iyaka ba. Abin takaicin kuma shara. Bukavu a kan tudu take, duk robar ruwa da ledar da aka yar kwata zata kai ta tafki, tafki kuma ƙofarsa ɗaya ce, sai ka ga robobi sun taru sun rufe fuskar ruwa a bakin Ruzizi I har a kashe injin a sa mutane su kwashe, gari ya zauna a duhu.

Kifi na hawa daga Tanganyika zuwa Kivu?

Baya iyawa, tsalle-tsallen ruwan sun fi ƙarfinsa. Shi yasa Tanganyika ke da ɗaruruwan nau'in kifi da babu su a ko ina a duniya, Kivu kuwa nau'insa basu fi talatin ba. Ɗan ƙaramin kifin nan sambaza da yau ya zama abincin kowa a Bukavu da Goma da Kamembe, ɗauko shi aka yi daga Tanganyika aka zuba a Kivu a ƙarshen shekarun 1950. Da dare ake kama shi da fitila, a kwalekwale uku da aka ɗaure wuri ɗaya da dogayen sanduna.

Kada da dorina fa? Labarin Gustave gaskiya ne?

A ƙasan kogin akwai su da yawa, musamman a gandun dajin Rusizi na Burundi da ke ƴan kilomitoci daga Bujumbura, inda ake shiga kwalekwale a ga dorinai da tsuntsaye. A Kivu kuwa mutane na wanka hankali kwance don babu su.

Gustave kada ne na gaske, ƙato, an ƙiyasta tsawonsa wajen mita 6, an ɗauki hotonsa, kuma wani Bafaranshe mazaunin Burundi mai suna Patrice Faye ya yi ƙoƙarin kama shi da ƙaton keji bai yi nasara ba. Cewa da ake ya ci mutum 300 kuwa zancen baka ne, ba wanda ya ƙirga, kuma a wurin da kadoji suka yi yawa duk wanda ruwa ya ci sai a ɗora wa wanda ya yi suna.

Ance akwai gas a ƙarƙashin Kivu, hakan na shafar kogin?

Akwai, mai yawa ma, iskar methane da carbon dioxide narke a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama ne ya danne su. Ƴan Kamaru sun san haɗarin irin wannan, a 1986 tafkin Nyos ya saki iskarsa cikin dare ya kashe mutum fiye da 1,700, kuma Kivu ya ninka Nyos girma fiye da sau dubu ga mutane wajen miliyan biyu a kewayensa. Ruwanda na zuƙo methane ɗin tana yin lantarki da shi, tashar KivuWatt a Karongi na ba da kimanin megawat 26. Shi Ruzizi ruwan sama-sama yake kwasa, wanda ba gas a cikinsa, sai dai yana da ɗan gishiri-gishiri fiye da yawancin kogunan da ke shiga Tanganyika.

Me yasa sunansa ke yawan fitowa a labaran yaƙi?

Saboda duk mai son shiga ko fita lardin Kivu ta Kudu na Kwango ta gabas, in dai ba ta tafki zai bi ba, dole ya haye shi. A 1964 an gwabza a Kamanyola tsakanin sojan gwamnati da ƴan tawaye, Mobutu, wanda daga baya ya zama shugaban Kwango, ya yi ta alfahari da wannan yaƙin har ya sa wa babban filin ƙwallon Kinshasa sunan garin. A 1994 bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda dubun dubatar mutane suka tsallaka gadojinsa zuwa Bukavu. A Oktoban 1996 a fadamar nan da Uvira aka fara yaƙin da ya kai Laurent Kabila Kinshasa a Mayun 1997. A Agustan 2004 an kashe ƴan gudun hijira fiye da 150, yawancinsu Banyamulenge, wato Tutsin Kwango, a sansanin Gatumba, Allah ya kyauta. A Fabrairun 2025 kuma ƙungiyar ƴan tawaye ta M23 ta shiga Bukavu bayan ta kama Goma, mutane da yawa suka gudu Burundi ta cikin kogin, wasu ruwa ya tafi da su.

Yanzu in mutum na son tsallakawa ta ina ake bi?

Manyan mashigai su ne gadoji biyu tsakanin Bukavu da Kamembe, waɗanda ake kira Ruzizi I da Ruzizi II, sai Kamanyola da Bugarama, sai Kavimvira da Gatumba. A ranar da lafiya lau, tun da sassafe zaka ga layin mata ƴan kasuwa da kaya a ka, tumatir, nama, madara, garin rogo, sambaza, suna shiga da ƴar takardar yini su dawo kafin a rufe. Swahili zai fi yi maka amfani ta ɓangaren Kwango, Kinyarwanda da Kirundi ta gabas, Faransanci kuma ko ina ana ji. Sai dai bodojin nan buɗewa da rufewarsu na bin siyasa, ko tsakanin Burundi da Ruwanda ma Burundi ta rufe tata iyakar ta ƙasa a Janairun 2024, don haka duk mai niyya ya fara tambayar halin da ake ciki a satin da zai tafi kafin ya sayi tikiti.